Agajin Gaggawa: Dabarun Gida Da Ke Ƙara Wa Mai Rauni Ciwo, Da Abin Da Ya Dace A Yi

Kafin mai rauni ya ga likita, hannaye da dama sun riga sun taɓa shi. Uwa ce ke fara ɗaukar yaron da ruwan zafi ya zubo wa, abokin noma ne ke kusa da wanda maciji ya sara, masu wucewa kuma su ne ke fara isa inda mota ta kife. Abin da waɗannan mutane suka yi a mintunan farko shi ne sau da yawa ke nuna ko raunin zai warke cikin 'yan makonni, ko zai bar nakasa, ko ma ya yi sanadin rai.

Da yawa daga cikin dabarun da aka gada kaka da kakanni, ko aka tsinta a tasha da kasuwa, ɓarna suke ƙarawa. Ana yin su da kyakkyawar niyya, amma garin neman gira sai a rasa ido. Domin wayar da kan jama'a kan wannan ne ƙungiyoyin agaji na Red Cross da Red Crescent suka ware Asabar ta biyu ta watan Satumba a matsayin Ranar Agajin Gaggawa ta Duniya, tun daga shekarar 2000.

Ƙuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. A Najeriya ana samun ta daga risho da tukunyar gas, da man suya, da wutar jin ɗumi a lokacin hunturu, sai kuma gobarar tankokin mai irin wadda ta auku a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024.

Abin da aka saba garzayawa a ɗauko shi ne man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko kamu, ko gishiri, wani lokaci har da baƙin mai na inji. Babu ɗaya daga cikinsu da ke magani. Bayan an janye mutum daga wuta, zafin da ya shiga fata kan ci gaba da cin naman da ke ƙasa. Duk wani abu mai maiƙo yana rufe wurin ne ya tsare zafin a ciki. Ɗanyen ƙwai da kamu suna iya shigar da ƙwayoyin cuta, sa'an nan a asibiti tilas a kankare duk abin da aka shafa kafin a ga zurfin ƙunar, aikin da ke da matuƙar raɗaɗi. Ƙanƙara ma ba ta dace ba, domin tana tsuke jijiyoyin jini ta ƙara kashe fatar da ta riga ta jigata.

Maganin farko shi ne ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa, a riƙa kwarara shi a kan wurin har tsawon minti 20. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne da fata a bar ta. Kada a fasa bororo, domin shi ne murfin da ke kare raunin daga ƙazanta. A rufe da tsaftataccen ƙyalle marar gashi. In ƙaramin yaro ne, a lulluɓe sauran jikinsa don kada sanyi ya kama shi. Duk ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta shafi fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko ta samo asali daga lantarki ko asid, ta asibiti ce.

Yanka da zubar jini

A gona da garejin makanikai, an saba a tsayar da jini da ƙasa, ko toka, ko saƙar gizo-gizo, ko garin batir, ko man birki. A wasu karkara har da kashin shanu. Haɗarin da ke nan shi ne cutar sarƙewar haƙora, wato tetanos. Mutane da yawa na ɗauka tsatsar ƙusa ce ke haddasa ta, alhali ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Wanda ya cusa ƙasa a rauni ya kai ta har gida da hannunsa. Alamominta kan bayyana ne tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da raunin ma ya fara rufewa, kuma tana sandarar da muƙamuƙi da sauran jiki.

Jini yana tsayawa ne da dannawa. A sami tsaftataccen ƙyalle a danna wurin da ƙarfi na aƙalla minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In ya jiƙe, a ɗora wani a kansa a ci gaba. Wuƙa ko ƙarfe ko gilashin da ya nutse a jiki kada a zare shi, domin mai yiwuwa shi ne ya toshe jijiyar da ta yanke. Ƙaramin rauni kuwa a wanke shi da ruwa mai tsafta da sabulu, sa'an nan a je a bincika ko ana buƙatar allurar rigakafi.

Saran maciji

A nan ne camfi ya fi yin kaka-gida. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa maciji na sarar kimanin mutum miliyan 5.4 a shekara, tsakanin 81,000 da 138,000 kuma na mutuwa. A shekarar 2017 hukumar ta sanya shi cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A Najeriya macizai uku ne suka fi ɓarna: kububuwa, kasa da gamsheƙa. Manoma da makiyaya su ne suka fi faɗawa, musamman lokacin shuka da girbi. Yawan matsalar a yankin ne ya sa garin Kaltungo na jihar Gombe ya yi suna da asibitinsa na masu saran maciji.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗaure saman wurin tamau da igiya ko roba, a tsaga da reza, a tsotse da baki, ko a manna abin da ake kira baƙin dutse. Ɗaurin ba ya hana dafi tafiya yadda ake zato, amma yana hana jini isa ga ƙafa ko hannu, har naman ya mutu a kai ga yankewa. Tsagawa ta fi haɗari ga wanda kububuwa ta sara, domin dafinta yana hana jini daskarewa, ƙaramar tsaga sai ta zama hanyar zubar jinin da ba ya tsayawa. Tsotsa da dutse ba sa fitar da dafin da ya riga ya shiga tsoka.

Akwai dalilin da ya sa waɗannan dabaru suka yi farin jini. Ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba komai ba. Irin waɗannan mutane za su warke ko an yi musu wani abu ko ba a yi ba, sai a ba dutse ko saiwa yabon. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi kuwa yana iya wuni kamar lafiya lau, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi da fitsari.

Abin da ya dace shi ne a nisantar da mutum daga macijin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da takalmi, a tallafe gaɓar da sanda don kada ta riƙa motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi, wadda ita kaɗai ce maganin da aka tabbatar. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, domin suna ƙara zubar jini. In gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Cizon kare

Cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara a duniya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamominta sun bayyana, kusan babu mai tsira. Shafa barkono ko ganye a wurin cizon ba ya kashe ƙwayar cutar, kuma warkewar raunin ba shaidar kuɓuta ba ce, tun da cutar kan yi wata biyu zuwa uku tana ɓoye. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don fara allurar rigakafi.

Yaron da ya sha kananzir

Ajiye kananzir a gorar ruwa ko kwalbar lemo ya sa yara ƙanana kan sha shi bisa kuskure. Iyaye da yawa, a kudu da arewa, kan ɗura wa yaron manja ko madara, ko su sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Babbar illar kananzir a huhu take. Lokacin amai ko ɗure ne yake sulalewa cikin hanyar numfashi ya haifar da ciwon huhu mai tsanani. Kada a sa yaron amai, kada a ɗura masa komai. A cire tufafin da suka jiƙe, a kai shi asibiti tare da gorar da ya sha daga ciki.

Haɓo da farfaɗiya

Mai haɓo ba ya ɗaga kai sama, domin jinin zai gangara maƙogwaro ne ya tayar da zuciya. Ya zauna ya ɗan sunkuya, ya matse tattausan ɓangaren hancinsa na minti 10 zuwa 15 yana numfashi ta baki.

Mai farfaɗiya kuma ba ya haɗiye harshensa, saboda haka cusa masa cokali a baki karya haƙori kawai yake yi. Ba a ɗaukar cutar ta yawu ko taɓawa. A janye abubuwan da za su ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, a nemi asibiti.

Karaya da haɗarin mota

Masu ɗorin gargajiya suna da daɗaɗɗen matsayi a cikin al'umma, amma likitocin ƙashi sun daɗe suna kokawa kan ɗaurin da ke matse gaɓa har jini ya daina gudana, naman ya ruɓe. Yatsun da suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji bayan ɗori, alama ce ta a kwance a garzaya asibiti. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta gida ba ce ko kaɗan. Akwai manyan asibitocin ƙashi na tarayya a Dala da ke Kano, da Igbobi a Legas, da Enugu.

A wurin haɗarin mota, fizgo mutum da ƙarfi ko naɗe shi a bayan babur na iya mayar da tsagewar ƙashin baya ta zama shanyewar jiki ta har abada. In ba wuta ko wani haɗari ke tafe ba, a bar shi inda yake, a riƙe kansa da wuyansa a miƙe. Kada a ba shi ruwa, domin yana iya shaƙewa, kuma mai yiwuwa tiyata ke jiransa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma 122.

Tsoron tambayoyin 'yan sanda ko kuɗin ajiya kan sa wasu su zauna a gida da mai rauni. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana horar da jama'a kan agajin gaggawa, kuma makarantu da ƙungiyoyin direbobi da na manoma na iya neman wannan horo ta rassanta na jihohi.