Ko ka sani? Injin girbin ganye makaho ne

Gero da dawa suna jure wa inji, domin ƙwaya ce busasshiya, ko an doke ta ba abin da zai same ta. Ganye kuwa ɗan lallashi ne. Damƙi alayyahu da ƙarfi da safe, kafin la'asar inda yatsunka suka taɓa ya yi baƙi. Shi ya sa ko a kwarin Salinas na jihar Kalifoniya, inda ake noma mafi yawan latas ɗin Amurka, har gobe mutane ne ke sunkuyawa da wuƙa suna yanke mai dunƙulen kai.

Inda inji ya yi nasara shi ne kan ƙananan ganye. A gabansa akwai siririn zarto mai zagayawa kamar bel, yana tafiya dab da ƙasa yana aske ganyen, wani bel ɗin kuma yana kwashewa zuwa akwatuna. Da dare ko da asuba ake aikin, kafin rana ta sa ganye ya yi yaushi. Akwai ma wanda ba shi da wuƙa sam: ruwa yake fesowa siriri da tsananin ƙarfi, ya datse gindin latas.

Sai dai injin ba ya gani. Tsayin da aka saita masa, a nan zai yanka, ko ganye ne, ko ciyawa, ko ɓurɓushin ƙasa. Dole gona ta bi ra'ayinsa: fili shimfiɗe ba tudu ba kwari, iri ɗaya tal, an shuka rana ɗaya.

To, dubi gona a Yasore, ko ko'ina tsakanin Batsari da Safana. Kunya ce, gero a sama, wake na yaɗo a ƙasa, yakuwa da rama a gefe, zogale kuma ya zama shinge. Matar da ta shiga da kwarya idonta ne ke aiki: ta tsinki mai taushi, ta ƙyale wanda tsutsa ta ci, ta bar toho don mako mai zuwa. Wannan gwaninta ce, kuma ina jin takaici idan aka kira ta ci-baya.

A ganina zogale ne ƙofar da inji zai iya shigo mana. A Nikaraguwa an gwada shuka shi da tazarar santimita 10 kacal, wato tushe miliyan 1 a hekta guda, ana aske shi duk bayan kwana 35 zuwa 45 yana sake tohowa. Irin wannan fangali ya dace da ƙaramin injin yankan ganyen shayi na Japan, wanda mutum biyu ke riƙewa, iska na hura ganyen cikin buhu. Amma a tuna da Kericho ta Kenya, inda a 2023 aka ƙona injinan tsinkar shayi saboda sun raba mutane da abincinsu.

Kuma mu a nan ba yankan ne ke cin lokaci ba. Tsige ganye daga kara, reshe bayan reshe a kan tabarma, da shanya shi a inuwa don kada korensa ya koɗe, su ke cinye wa mata yini guda. Injin da zai fara amfanar su na tsiga ne da na busarwa.