Sayen Kayan Masarufi Cikin Rahusa a Unguwar Hubbare

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da dama a unguwar Hubbare da kewayenta sun koma neman kayan abinci a shagunan 'yan sari da ke Tsohuwar Kasuwa da Babbar Kasuwar Sakkwato. Dalilin rahusar a fili yake: ɗan sari yakan ɗauko buhu ko katan kai tsaye daga hannun dila, ribarsa kuwa tana cikin yawan ciniki. Shi ya sa maƙwabta uku ko huɗu kan haɗa kuɗi su sayi buhun shinkafa su raba.

Sai dai muna jan hankalin jama'a cewa wata rahusar daga ma'auni take fitowa. Kwanon da aka bubbuge gindinsa ba ya cin abin da cikakken kwano yake ci, don haka a dubi kwanon kafin a auna gero ko wake.

Abin da ya fi damun mu shi ne kayan gwangwani. Akan karya farashin madara ko tumatir idan wa'adinsu ya kusa cika, kuma babu laifi a saya matuƙar za a yi amfani da su kafin ranar. A tabbatar akwai lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jiki. Gwangwanin da ya kumbura kuwa, ko kyauta aka bayar, a bar shi. Madarar gari da ake ƙullawa a leda ba ta ɗauke da kwanan wata, saboda haka mai saye ya nemi a nuna masa buhun da aka ɗebo ta.