Tunanin Ƙira: Yadda Dabarar Masu Gina Manhaja Ke Gyara Ɗabi'un Yau da Kullum

Duk mai gina manhajar waya ya san wata ƙa'ida: idan mutane suka sauke manhaja, suka yi kwana biyu da ita suka goge, ba a zagin mutanen. Komawa ake yi a duba inda ginin ya sami tangarɗa. Amma idan mutum ya ƙudiri niyyar rubuta cinikinsa kullum, ko rage raba dare a TikTok, ya kasa, nan take sai ya yanke wa kansa hukuncin lalaci. Sau da yawa tsarin da ya ɗora wa kansa ne bai dace da yadda yininsa ke tafiya ba. Akwai hanyar gano hakan, ita ce ake kira tunanin ƙira.

Mene ne tunanin ƙira?

Hanya ce ta warware matsala wadda ke farawa da lura da mai matsalar, kafin a yi maganar mafita. Kamfanin IDEO na Amurka, wanda aka kafa a 1991, da makarantar ƙira ta Jami'ar Stanford su ne suka fi yayata ta. Makarantar ta kasa ta matakai 5: fahimtar mutum, fayyace matsala, tattara dabaru, yin samfuri mai arha, sannan gwaji. A 2016 malamai biyu na jami'ar, Bill Burnett da Dave Evans, suka fitar da littafin Designing Your Life, inda suka nuna mutum na iya bin wannan hanya a kan rayuwarsa.

Sunan ne baƙo, amma aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1990 Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jihar Jigawa, ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a hannun manoman karkara. Bai ce su sayi firiji ba, tunda babu wuta. Ya saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafin, cikin tukunyar ya yi sanyi. Wannan ƙira ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Sirrinta shi ne an gina ta da abin da mutanen ke da shi, a yanayin da suke ciki.

Me ya sa Illela?

Illela gari ne da ke rayuwa da iyaka. Birnin Konni na Jamhuriyar Nijar na nan kusa, kasuwar Lahadi na tara masu dabbobi da hatsi daga ƙasashen biyu, naira da sefa na zagayawa hannu da hannu. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A irin wannan gari, wanda bai san ainihin ribarsa ba yana iya cinye jarinsa bai ankara ba, ranar da kasuwa ta tsaya kuma ya tarar babu abin komawa. Don haka ɗabi'ar riƙe lissafi a nan maganar tsira da jari ce.

A ɗauki misalin matashi mai sana'ar POS a bakin kasuwa. Kullum da dare kuɗin hannunsa ba sa daidaita da abin da yake tsammani. Ya sayi littafi ya bari, ya sauke manhajar lissafi ya goge. Ga yadda matakan 5 za su yi masa aiki.

1. Ya lura da kansa

Mako guda kada ya canza komai. Aikinsa kawai ya kula da lokacin da kuɗi ke fita ba tare da an rubuta ba, da abin da yake yi a daidai lokacin. Mai yiwuwa ya gano cewa na'urar tana ajiye bayanin duk cire kuɗi da turawa da kanta. Abin da ke ɓacewa shi ne wanda bai bi ta na'ura ba: bashin "ba ni, zan turo maka an jima", kuɗin abinci, cajin waya, ɗan abin da ya miƙa wa ƙane. Kuma yawanci suna fita ne lokacin da layi ya yi tsawo, hannunsa ɗaya da kuɗi, ɗaya da na'ura.

2. Ya fayyace matsalar

"Ina son in zama mai tsari" buri ne, ba ya nuna abin da za a yi gobe da safe. Jimlar da ke da amfani ita ce: "Ina buƙatar hanyar adana bashi da ƙananan kashe-kashe cikin daƙiƙa 5, da hannu ɗaya, a cikin hayaniya." Da wannan jimla kaɗai ya ga dalilin da ya sa manhajar da ke neman a cike gurabe 6 ba ta yi masa aiki ba.

3. Ya tara dabaru

A wannan mataki ba a tace dabara, ana jera su ne. Zai iya tura wa kansa saƙon murya a WhatsApp, tunda manhajar na ba mutum damar aika wa lambarsa saƙo. Zai iya ɗaure ƙaramin littafi da biro a jikin teburinsa. Zai iya ware kuɗin cefanen yini a aljihu daban tun da safe, idan sun ƙare sun ƙare. Zai iya cewa duk mai karɓar bashi ya rubuta sunansa da hannunsa.

4. Ya yi samfuri mai arha

Masu gina manhaja kan zana shafukanta a takarda su nuna wa mutane kafin su rubuta layi ɗaya na umarnin kwamfuta, domin gyaran takarda ba ya cin kuɗi. Haka shi ma: ya zaɓi dabara ɗaya wadda ba ta buƙatar sayen komai, ya ɗauke ta a matsayin gwajin mako guda, ba alkawarin har abada ba.

5. Ya gwada, ya gyara

Daga Lahadi zuwa Lahadi ma'auni ne mai kyau, domin ya haɗa ranar cunkoso da ranakun da kasuwa ke kwance. Idan ya gwada saƙon murya, wataƙila ya tarar yana turawa da rana amma ba ya saurare da dare. Wannan sakamako ne mai amfani: rabin dabarar ya yi aiki, saura rabi. Masanin ɗabi'a BJ Fogg na Stanford ya ba da shawarar a jingina sabuwar ɗabi'a ƙarama da wata tsohuwa da ta riga ta kafu. Mai salla yana da irin waɗannan turaku guda 5 a kowace rana. Sai ya sa sauraren saƙonnin da kwafe su a littafi ya zama abin da zai yi da zarar ya dawo daga sallar isha'i, kafin ya buɗe wata manhaja.

Wannan hanya na aiki ga wasu ɗabi'un. Ɗalibin da waya ke cinye masa dare zai iya fara da duba Digital Wellbeing a saitin Android, ko Screen Time a iPhone, ya ga manhajar da ke cin lokacinsa da adadin sa'o'in, sannan ya gwada kwana da wayar a wani ɗaki na mako guda.

Abin da ya kamata a sani

Ɗabi'a ba ta kafuwa da wuri. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'a a Landan ya nuna cewa a tsaka-tsaki sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kwana 66 kafin ta zama jiki, kuma tsakanin mutane abin ya kama daga kwana 18 zuwa 254. Binciken ya kuma nuna tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wanda ya manta ranar Talata sai ya ci gaba ranar Laraba.

Tunanin ƙira ba zai buɗe iyaka ba, ba zai tsayar da farashin sefa ba, ba zai kawo wutar lantarki ba. Ikonsa ya tsaya ne a kan abin da ke hannun mutum: inda yake ajiye littafi, lokacin da yake lissafi, aljihun da yake ciro kuɗi. Mai son gwadawa ya zaɓi ɗabi'a ɗaya tak, ya yi wannan makon yana lura da ita, Lahadi mai zuwa ya fara gwajin farko.