Ki Bar Hoto Ya Gaya Miki Gaskiyar Gashinki

'Yan'uwa mata, kowace ranar kasuwar Jega sai ki ga mata daga Maiyama da ƙauyuka sun yi dafifi wajen masu man gashi, wannan karkar, wannan man shanu, wancan kuma a kwalba da rubutun da ba mai iya karantawa. A Aliero kuwa, garin albasa, wasu ruwanta suke shafawa a kai. Bayan wata uku in kin tambaya ko gashin ya ƙaru, sai a ce, "Kamar dai ya ƙaru." Kuɗi sun tafi a kan kamar!

Madubi ba zai gaya miki ba, domin gashin mutum bai cika wuce santimita 1 da ɗoriya a wata ba, namu kuma nannaɗewa yake yi, sai ya ɓoye tsawonsa. To, ga wayarki a hannu, ai da sauƙi.

Ki zaɓi rana ɗaya a wata, watau ranar tsifa, bayan kin wanke kai ya bushe, kafin ki shafa mai. Ki tsaya bakin taga da hantsi, haske yana dukan fuskarki, bango marar ado a bayanki. Ki goge idon wayar da gefen zane, kada ki kunna fitilarta. Sai ki kamo ɗan tsiro guda, ki miƙe shi sosai, ki ɗora tef ɗin tela a gefensa yadda lambar za ta fito. Wata mai zuwa a wurin nan dai za ki tsaya, tsiron nan dai za ki kamo. Na ƙeya sai 'yarki ko ƙanwarki ta ɗauka miki.

Amma ni hoton goshi ya fi damuna. Kitso mai tsauri shi ke cin gashin gaba a hankali, tun ana makaranta, in ya daɗe kuma ba ya sake fitowa. Idan hoton wata uku ya nuna goshi yana ja da baya, ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu, ko da ranta zai ɓaci. Mai jego kuwa kada ta firgita, zubar da ke zuwa wajen wata uku bayan haihuwa kan tsaya da kanta. In dai kin ga fili kamar kwabo, ko makero, to asibiti za ki, ki nuna musu hotunan.

Abu guda, wannan hoto kanki ba ɗankwali ne. Ki sa wa wayar mabuɗi, kada ki tura wa kowa. 'Yan makaranta masu aron wayar yayyensu maza, ku bari sai ta inna ta samu. Ranar da waya za ta je wurin mai gyara kuma, ki kwashe hotunan tukuna.