Ƙurar Zinariya: Cinikin Da Awon Girma Ya Fi Nauyi Daraja

A kasuwar zinariya da aka saba da ita, nauyi ne ke yanke farashi. Amma akwai wani reshe na wannan ciniki da ba a damu da nauyi ba, wato haɗa ƙwayoyin zinariya masu tsananin ƙanƙanta, waɗanda ake aunawa da nanomita, kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

Tun a shekarar 1857 masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa idan zinariya ta ƙanƙance ƙwarai ta watsu cikin ruwa, ja take komawa. A 1951 John Turkevich da abokan aikinsa a Jami'ar Princeton ta Amurka suka fito da hanyar da ake bi har yau, inda ake tafasa ruwan gishirin zinariya a zuba masa sinadarin sitiret, dangin tsamin lemo. A 1973 kuma G. Frens ya nuna cewa yawan sitiret ɗin ne ke tsara girma: in an yawaita shi ƙwayoyin su fito ƙanana, in an rage su fito manya.

Ita ma siffa ana iya sarrafa ta. A 2001 Catherine Murphy da tawagarta suka bayyana dabarar fara yin ƙananan iri, sannan a rene su cikin sinadarin CTAB mai kama da sabulu, har su miƙe kamar sanduna, launinsu yana sauyawa gwargwadon tsawonsu.

Amfanin wannan ga ɗan kasuwa a fili yake. Jan layin da ke fitowa a yawancin kayan gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro zinariya ce, galibi mai girman nanomita 40. In ƙwayoyin sun cika ƙanƙanta layin ya dusashe, in sun cika girma su dunƙule su kasa tafiya a jikin takardar. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2010 cewa a riƙa gwaji kafin ba da magani, bukatar kayan ta ƙaru, musamman a Nijeriya wadda ta fi kowace ƙasa fama da cutar.

Zinariyar da ke cikin kowane gwaji ba ta taka kara ta karya ba. Abin da masana'anta ke sayarwa shi ne daidaiton ƙwayoyin daga wannan haɗi zuwa na gaba. Saboda haka ya kamata masu shigo da kayan su nemi shaidar wannan daidaito kafin su biya, domin gwajin da ya ɓoye cuta yana jawo hasarar dukiya da ta rai.