Bindigar Bulo a Tafin Hannu: Abin da ke Cikin Pixel Gun 3D

Aikina koyar da kwamfuta ne a makarantar sakandare, shi ya sa duk gidan da aka yi saɓani kan wayar yara a danginmu, ni ake kira in raba gardama. Ɗaya daga cikin wasannin da ake yawan miƙo mini in duba shi ne Pixel Gun 3D. Uwa takan ce ai wannan abin yara ne, ga su nan da kawuna masu kusurwa huɗu kamar an gina su da bulo. Uba kuma ya ce ko ma da me aka gina su, ai harbi suke yi. Kowannensu ya hango wani gefe, amma wurin da ya fi cancantar a sa ido ba a cika ambatonsa ba.

An saki wasan a shekarar 2013 don wayoyin Android da iPhone, kuma a kantin Google Play kaɗai an sauke shi fiye da sau miliyan 100. Mai wasa ba ya ganin jikinsa. Abin da yake gani shi ne bakin bindigarsa da filin da ke gabansa, sai ka ce da idonsa yake kallo. Wannan salo ya girmi wayar hannu ta zamani: kamfanin id Software na Amurka ne ya yaɗa shi da Wolfenstein 3D a 1992 da Doom a 1993. Siffar bulon kuwa gadon Minecraft ce, wasan da Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, wanda Microsoft ya sayi kamfaninsa, Mojang, a 2014 kan dala biliyan 2.5. Masu Pixel Gun sun ɗauki kamannin Minecraft, suka haɗa da faɗan su Doom, suka zuba a waya.

Me ya sa bulo?

Ɗalibaina sukan ɗauka rashin iya zane ne. Dabara ce. Duk abin da ka gani a wasa irin wannan, da ƙananan alwatika aka ɗinka shi, kuma waya sai ta lissafa inda kowace alwatika za ta tsaya, ta sake zana hoton sau 30 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Fuskar mutum mai kumatu da hanci da gashi tana cin dubban alwatika. Akwati mai fuska shida kuwa 12 sun ishe shi, biyu a kowace fuska. Idan kai da hannu da ƙafa da bango duk akwatuna ne, aikin ya ragu ƙwarai, wayar da ba ta da ƙarfi ma sai ta iya ɗauka. A shekarar da wasan ya fito, yawancin wayoyi ba za su iya jan hoto mai kama da na gaske ba. PUBG Mobile sai 2018 ya bazu a duniya, Call of Duty na waya kuma sai 2019.

Akwai riba ta biyu. Harbin da aka yi wa akwati ba ya tayar da hankali yadda harbin mai kama da ɗan Adam yake yi. Babba ya leƙa, ya ga launuka, ya wuce abinsa. Siffar da ta sauƙaƙa wa waya aiki ita ce kuma ta kwantar wa iyaye da hankali.

Yadda ake bugawa

Babban yatsan hagu ne ke tafiyar da kai, na dama yana juya kallo yana saita bindiga. Akwai labarin da mutum zai bi shi kaɗai yana faɗa da gawarwaki masu tafiya da dodanni, amma zuciyar wasan tana wurin karawa da mutane ta intanet. Wani zagayen ƙungiya biyu ne ke fafatawa, wani kowa ta kansa yake yi, wani ana rige-rigen sato tutar abokan hamayya, wani kuma a zuba taro a fili guda har sai mutum ɗaya ya rage. Makamai ɗaruruwa ne, daga masu kama da na gaske zuwa na almara masu feso wuta da ƙanƙara. Mai wasa yana iya zana wa kansa kaya da fuska, ya kuma shiga ƙungiya mai suna da tambari. Zagaye ɗaya 'yan mintoci ne, shi ya sa “bari in ƙarasa wannan” ba ya ƙarewa.

Kukan da na fi ji daga yara shi ne, “Wallahi ni na riga shi harbi!” Sau da yawa gaskiya suke faɗa. Idan ka danna harbi, saƙon sai ya bar wayarka, ya bi ta turken sadarwa, ya shiga igiyar intanet, ya isa babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, sannan amsa ta dawo. Haske a cikin igiyar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ke nan idan kwamfutar tana da nisan kilomita 5,000, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, kafin a lissafa cunkoso da raunin sabis. Wanda ke kusa da ita ya riga ya ga motsinka kai ba ka ga nasa ba. Da wannan misalin nake koyar da darasin sadarwa, kuma a ranar ba wanda ke gyangyaɗi.

Inda kuɗin yake

Sauke wasan kyauta ne, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. A ciki akwai sulalla da duwatsu masu daraja da ake sayen makamai da su. Kana iya tara su a hankali ta hanyar wasa ko kallon talla, kana kuma iya sayensu nan take da kuɗi na gaske. Yaro da ya kwana yana tarawa zai haɗu da wanda ya biya, a kayar da shi cikin ƙiftawar ido, sai ya fara tunanin katin bankin babansa. Masu buga wasan da kansu sun daɗe suna ƙorafin cewa mai kuɗi ya fi mai gwaninta samun galaba. Sana'a ce babba: a 2022 kamfanin Nexters mai mazauni a Saifurus ya sayi Cubic Games, masu wannan wasa, a 2024 kuma aka fitar da na kwamfuta a dandalin Steam.

Abin da ya fi damuna shi ne akwatin sa'a. Ka biya, akwati ya buɗe, ba ka san me zai fito ba. Yau tarkace, gobe watakila makamin da kake mafarki. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta bincika irin waɗannan akwatuna a wasu manyan wasanni, ta yanke cewa waɗanda ake saya da kuɗi caca ne. Apple da Google ma sun wajabta wa masu wasanni su bayyana yiwuwar samun kowane abu kafin a saya. Uban da ba zai yarda ɗansa ya tsaya a wurin 'yan karta ba, ya kamata ya san akwai ƙanwar wannan ɗabi'a a aljihun yaron.

Sai kuma hira. Wasan yana da wurin rubuta saƙo, kuma waɗanda ke ciki baƙi ne daga ko'ina, manya da yara. Akwai zagi, akwai masu alkawarin duwatsu kyauta idan ka ba su kalmar sirrinka. Siffar 'yan tsana ba ta nuna shekarun wanda ke bayanta.

Ban cika ba da shawarar a goge wasan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, amma ma'aunin da ta kafa shi ne mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya ture karatu da barci da zumunci, kuma hakan ya ɗore, galibi har tsawon shekara. Yawancin yara ba su kai nan ba. Suna wasa ne da abokansu, suna koyon haɗa kai da saurin yanke shawara.

Abin da nake ce wa iyaye bai da yawa. A cire katin banki daga wayar, ko a sa kalmar sirri kafin kowane saye. A duba shekarun da kantin ya rubuta a jikin wasan. A yanka lokaci tun kafin a fara, waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye. Sannan a zauna kusa da yaron ya buga zagaye biyu, a tambaye shi ina ya samo wannan bindiga, su wane ne 'yan ƙungiyarsa. Yaro yana son a tambaye shi abin da ya ƙware a kai, kuma a cikin amsarsa za ka ji ko wasa yake yi, ko kuwa an fara yi masa ciniki.