Kifi da Giyar Shinkafa: Hirar Dare a Ƙasar Japan

Duk wanda ya san mutanen Japan ta wajen aiki kaɗai, ya ga yadda suke rusunawa juna wajen gaisuwa, da yadda ƙaramin ma'aikaci ba ya ɗaga murya gaban babba ko da hujja tana hannunsa, zai zaci al'umma ce wadda ba ta san raha ba. Amma da zai bi su bayan magariba, sa'ad da aka tashi daga ofisoshin Tokyo, zuwa lungunan da ke bayan tashoshin jirgin ƙasa irin su Shimbashi da Yurakucho, inda jajayen fitilun takarda ke rataye bisa ƙofofi masu gajeren labule, lalle da ya sake ra'ayi. Waɗannan ƙananan gidajen ci da sha su ne ake kira izakaya, kuma a cikinsu ne yaro yake iya gaya wa maigidansa abin da ya kwana yana cin ransa, gari ya waye a yi kamar ba a yi ba.

Asalinsu tun zamanin da gidan Tokugawa ke riƙe da ƙasar ne, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da ake kiran Tokyo da sunan Edo. Birnin ya cika da leburori da magina da barorin sarakuna, galibinsu gwagware ne ko waɗanda suka baro iyali a ƙauye, ba su da mai girka musu tuwo. Sai masu sayar da giya suka fara barin mai saye ya tsaya ya sha a nan shagon, daga baya suka ƙara masa da ɗan abin taɓawa, har abin ya zama sana'a mai zaman kanta. Yau idan baƙo ya zauna, a kan miƙo masa jiƙaƙƙen tawul ya goge hannu, sa'an nan a ajiye masa wani ɗan abinci wanda bai nema ba, sunansa otoshi, kuma zai tarar da kuɗinsa cikin lissafi, domin shi ne ladan kujera. Yana daga ladabin wurin kada mutum ya zuba wa kansa abin sha. Ya lura da ƙoƙon maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma ya lura da nasa.

Abin shan da aka san wurin da shi shi ne sake, wato giyar shinkafa, kuma ba na kawo bayaninta don kwaɗaitar da kowa, domin hukuncinta a shari'a bayyananne ne: abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ita kuwa barasar da ke cikinta takan kai kashi 15 cikin ɗari ko ta ɗan haura. Sai dai wanda yake son ya fahimci mutane bai kamata ya jahilci abin da suke alfahari da shi ba. Da shinkafa da ruwa da yisti ake yin ta, tare da wata irin fumfuna da suke kira koji, wadda suke barbaɗawa bisa turarriyar shinkafa a cikin ɗaki mai ɗumi, su lulluɓe ta wajen kwana biyu suna tashi cikin dare suna duba ta, kamar yadda mai daddawa ke rufe kalwarta har ta nuna; ita wannan fumfuna ke juya garin shinkafar ya zama sukari, yisti kuma ya juya sukarin ya zama barasa, duka biyun cikin randa ɗaya, a lokaci ɗaya. Darajarta kuwa tana bin surfe ne: idan aka surfe ƙwayar har abin da ya rage bai wuce kashi 60 cikin ɗari ba, sai a kira ta ginjo, idan bai wuce rabi ba, daiginjo ke nan, wadda ba a ƙara mata barasa daga waje ba kuwa ita ce junmai. Mafi shaharar shinkafar wannan aiki ita ce Yamada Nishiki ta lardin Hyogo, kuma a nan ne unguwar Nada take, wadda ita da Fushimi ta Kyoto suka fi ko'ina yawan ɗibar kasuwa. A al'adance aikin hunturu ne, manoman da dusar ƙanƙara ta hana su gona su ke yin sa ƙarƙashin wani shugaban sana'a da ake ce wa toji.

Abin lura shi ne, 'yan ƙasar da kansu sun rage shan ta ƙwarai, har abin da ake sayarwa yau bai kai sulusin na shekarar 1973 ba. Wannan ne ya sa ƙananan gidajen yin sake da ke ƙauyukan Niigata da Yamagata da makamantansu, da yake ba za su iya gasa da manyan kamfanoni wajen yawa ba, suka koma ga inganci, kowane gida yana tutiya da ruwan rijiyarsa da shinkafar lardinsa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da wannan sana'a cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada.

Amma a ganina hikimar izakaya ta haƙiƙa tana wajen kifi ne. Tun a shekarar 675 Sarki Tenmu ya yi dokar hana cin naman shanu da dawakai da kaji da wasu dabbobi a wasu watanni na shekara, bisa tasirin addinin Buddha, kuma ƙyamar nama ta daɗe a ƙasar har sai da Sarki Meiji ya ci shi a 1872. Cikin waɗannan ƙarnuka kusan goma sha biyu mutane suka fuskanci teku, suka naƙalci sha'aninta har ya zama kowane kifi yana da watansa. Katsuo yana zuwa da bazara ya kuma dawo da kaka cike da kitse, sanma na kaka ne, a kan gasa shi da gishiri kawai, buri kuwa sai hunturu, lokacin da kawar Hiroshima ma take kan ganiyarta. Masunta na ƙwarai ba su barin kifi ya mutu yana fafutika a cikin jirgi. Suna da wata dabara mai suna ikejime, inda ake soke ƙwaƙwalwarsa nan take, a tsiyaye jininsa, a zura waya cikin ƙashin bayansa, domin sun gane wahalar mutuwa tana ɓata tsoka, ita kuwa tsokar da za a yanka a ci ɗanya da ɗan romon waken soya da yajin wasabi ba ta da miyar da za ta rufa mata asiri. Wannan itƙani shi ne ya sa aka yi abin mamaki a gwanjon farko na 2019 a kasuwar Toyosu, wadda ta gaji tsohuwar kasuwar Tsukiji a 2018, inda wani mai gidajen abinci, Kiyoshi Kimura, ya sayi kifin tuna guda ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6, ko da yake, alal haƙiƙa, rabin wannan ciniki neman suna ne. Hatta talibambam, wanda suke kira fugu, suna cin sa, alhali gubar da ke hantarsa tana kisa, don haka babu mai fiɗarsa don sayarwa sai mai lasisi. Kuma wataƙila mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa dabbar nan ta teku mai hannaye takwas, wadda suke ce wa tako, da yawa daga cikin wadda ake ci a Japan daga gaɓar Muritaniya da Maroko ake kai ta.

Ga Musulmin da fatauci ko neman ilimi ya kai shi can, mas'alar kifi mai sauƙi ce, domin a mazhabar Imamu Malik dabbobin ruwa halal ne ba tare da yanka ba, har jatan lande da ƙaguwa da kawa. Shubuhar tana cikin tukunya: sau da yawa akan dafa kifi da sake, ko da wata giyar girki mai zaƙi da ake kira mirin, kuma mai dafuwa ba ya lissafa su cikin giya balle ya faɗa. Sa'an nan malamai sun yi hani ga zama a teburin da ake zagaya giya, saboda haka wanda ya ƙi shiga ya yi tsantseni, kuma zai sami irin wannan kifi a gidajen abincin rana da ke kewaye da kasuwanni. Wanda kuwa lalurar aiki ta kai shi, ya nemi gasasshen kifi da gishiri, wanda suke kira shioyaki, ya nemi shayi, kuma ya tambayi abin da aka zuba a kowane romo kafin ya kai baki.